Yadda ƙoda ke tace jini da tattalin ruwan jiki

Duk wanda ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya wuce Kumbotso ya gangara Kura, Kadawa ko Bunkure a lokacin bazara, zai ga manoman rani tsaye cikin ruwa suna ban ruwan shinkafa da tumatir da albasa.

Ruwan na zuwa ne ta magudanai daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin gwamna Audu Bako.

Sai dai yalwar ruwa a gona ba ta hana jikin manomi bushewa. A watan Afrilu zafi a Kano kan kai digiri 40, kuma mai aikin ƙarfi a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumi lita guda ko fiye cikin sa'a ɗaya. Ƙoda ce ke ɗaukar nauyin wannan asara.

Ruwan da ke jiki

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi namiji ruwa ne. Na mata ya ɗan gaza haka, na jarirai kuma ya fi.

Ke nan mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa kusan lita 42. Lita 28 na cikin ƙwayoyin halittar jiki, 14 na wajensu, kuma daga cikin 14 ɗin nan lita 3 kacal ne ruwan da ke gudana cikin jini.

Wannan ɗan kason ne ƙoda ke aiki a kansa dare da rana.

Tacewa da mayarwa

Ƙoda biyu ce, tana can baya a ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu na ƙashin baya. Kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, nauyinta kimanin giram 150. Duk da haka kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake bi.

A kowace ƙoda akwai ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, waɗanda likitoci ke kira nefuron. Kowace matata tana farawa ne da wani ƙulli na siraran jijiyoyin jini mai aiki kamar rariya: ruwa da gishiri da suga da dattin jiki suna wucewa, ƙwayoyin jini da manyan sinadaran furotin kuwa sai su tsaya.

Masanin nan na Italiya Marcello Malpighi ya bayyana waɗannan ƙulle-ƙulle tun a 1666, amma sai a 1842 William Bowman na Ingila ya nuna cewa kowane ƙulli yana haɗe da wani siririn bututu da ke karɓar abin da aka tace.

Abin da ake tacewa a yini ya kai lita 180, wato fiye da jarkoki bakwai masu cin lita 25. Ma'ana ruwan jinin mutum yana bi ta rariyar kusan sau 60 kowace rana. Da a ce duka zai fita, da mutum bai kai sa'a guda a raye ba.

Bututun ne ke hana haka. Yayin da ruwan ke gangarawa, yana mayar da kusan kashi 99 cikin 100 cikin jini, tare da suga duka da mafi yawan gishiri. Abin da ya saura, kimanin lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari.

Lamarin ya yi kama da macen da za ta share ɗaki: sai ta fito da kaya duka tsakar gida, ta mayar da masu amfani, ta bar shara a waje. Ga alama wahala ce, amma akwai hikima a ciki. Ba sai ƙoda ta san kowace guba ba. Duk ƙaramin abin da ba a zaɓa aka mayar ba, ya tafi.

A nan ne kuma ake gane dalilin yawan fitsarin mai ciwon suga. Idan suga ya yi yawa a jini har bututun ya kasa kwashe shi duka, ragowar tana fita ne tana jan ruwa tare da ita.

Idan ƙishirwa ta zo

Gumi ya fi ɗauke ruwa a kan gishiri, don haka jinin mai gumi yakan ƙara kauri. Ƙwaƙwalwa tana gane wannan canji ko da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin 100 ba. Sai ta tayar da ƙishirwa, ta kuma sa a saki wani sinadari mai suna ADH, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin wanda ya wuni a rana yake raguwa, launinsa ya yi duhu.

Amma tattalin yana da iyaka. Jiki na buƙatar fitsari kusan rabin lita a yini kafin ya iya fitar da dattinsa. Haka kuma rariyar ba ta aiki sai da ƙarfin turin jini. Idan jini ya ragu sosai, kamar yadda kan faru ga mai amai da gudawa, tacewa tana iya tsayawa cak.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma haɗarinsu ya fi yawa ga jikin da ruwa ya riga ya yi wa ƙaranci. Shan su da yamma bayan wuni a gona, kafin a sha isasshen ruwa, ƙara wa ƙoda kaya ne a lokacin da ta fi gajiya.

Likitoci a Salbado da Nikaraguwa sun gano yawaitar ciwon ƙoda tsakanin masu saran rake waɗanda ba su da hawan jini ko ciwon suga, an kuma ga irin haka tsakanin manoman shinkafa a Siri Lanka. Masu bincike da dama na zargin zafi da bushewar jiki da ake maimaitawa kullum, wasu kuma na duba rawar magungunan feshi da ruwan sha. A Najeriya ma, al'ummar Gashuwa ta jihar Yobe ta daɗe tana kokawa kan yawaitar ciwon.

Batun ya fi tsanani idan azumi ya faɗo a bazara, kamar a 2021 da 2022. Ƙoda mai lafiya tana iya jurewa idan an sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, amma wanda ya san yana da ciwon ƙoda ya kamata ya fara tuntuɓar likita.

Tsargiya

Ruwan magudanai ma yana da tasa barazanar. Inda ruwa ke tafiya a hankali, dodon-koɗi kan yawaita, kuma daga jikinsa ne 'ya'yan tsutsar tsargiya ke fitowa su huda fatar mai ban ruwa ko yaron da ke wanka.

Tsutsar, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana zama ne a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwayayenta suna raunata bangon mafitsarar, sai a riƙa ganin jini a ƙarshen fitsari. A wasu wurare ana ɗaukar hakan alamar balagar yaro, alhali ciwo ne. Idan ya daɗe, tabon yana iya toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, ya taru a baya har ƙodar ta kumbura ta lalace. Maganinta shi ne praziquantel, kodayake wanda ya koma ruwan yana iya sake kamuwa.

Ƙoda tana iya rasa mafi yawan ƙarfinta kafin mutum ya ji komai. Kumburin ƙafa da fuska da kasala sukan zo ne a makare, amma gwajin fitsari da na jini kan nuna matsala tun da wuri, musamman ga masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne manyan musabbaban ciwon a duniya.

Idan ta gaza gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne wankin ƙoda ko dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi dashensa na farko a 2002. Wankin kuwa galibi sau uku ake so a yi a mako, sa'o'i huɗu kowane zama: sa'o'i 12 ke nan a madadin sa'o'i 168 da ƙoda mai lafiya ke aiki a mako.