Ƙarfen Liƙi da Makullin Kamfani: Nazarin Buɗe Furosesa Don Ƙara Mata Gudu, 1998 zuwa 2011

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda masu kwamfuta suka riƙa amfani da liƙin dalma da dangoginsa wajen buɗe furosesar da kamfani ya kulle, domin ta yi gudun da ya zarce wanda aka rubuta a jikinta. An kwatanta zubi huɗu na furosesocin AMD da wasu na Intel ta fuskar tambaya guda: a ina aka ajiye makullin? Nazarin ya nuna cewa liƙi bai taɓa ƙara wa silikon ƙarfi ba, rarar da take ciki tun daga masana'anta kawai yake fitowa da ita, kuma amfaninsa ya ƙare ranar da makullin ya koma cikin silikon ɗin.

1.0 Gabatarwa

Gudun furosesa lissafi ne na abu biyu: bugun tushe da madabod ke bayarwa, da lambar ninki da furosesar ke ruɓanya shi da ita. Celeron 300A da Intel ta fitar a 1998 tana karɓar bugu 66 MHz ta ninka shi sau 4.5, ta ba da 300 MHz. Wanda yake son ƙarin gudu, ɗayan biyu zai taɓa, ko tushen ko ninkin.

Taɓa tushen yana da wahala, domin sauran sassan madabod da shi suke tafiya. Layin PCI an gina shi a kan 33 MHz, na AGP kuma a kan 66 MHz. Idan aka ɗaga tushe ba tare da mai rabawa da ya dace ba, waɗannan ma sai su zarce ƙa'ida, har bayanan da ke kan faifan ajiya su lalace. Lambar ninki kuwa furosesa kaɗai ta shafa. Wannan ne ya sa ta zama abin nema, kuma ita kamfanoni suka kulle. Intel ta fara kulle ta gadan-gadan a 1998, da hujjar daƙile 'yan damfara masu goge lambar furosesa mai araha su buga ta mai tsada su sayar. Hujjar gaskiya ce. Sai dai makullin bai bambance ɗan damfara da mutumin da ya sayi kayansa da kuɗinsa yake son ya gwada iyakarsu ba.

2.0 Lokacin da makulli ke waje

Athlon ta farko, ta 1999, ta zo ne a kan ɗan allo cikin kwanson roba, ana soka ta a ramin Slot A. Ƙananan rasistoci da aka liƙa a jikin allon su ne ke faɗin lambar ninki da ƙarfin wuta. Mai son sauya su sai ya fasa kwanson, ya ɗago rasista da ƙarfen liƙi, ya mayar da ita wani gurbin. Rasistocin ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Dalmar da ake aiki da ita a lokacin, mai kuza kashi 63 da dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183, kuma bakin ƙarfe ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Idan hannu ya daɗe a wuri ɗaya, zanen jan ƙarfen da ke ƙarƙashi sai ya ɗaye, furosesa ta tashi aiki. Daga baya aka gano cewa a saman allon akwai wasu haƙora masu ruwan zinariya da AMD ta bari don gwaji a masana'anta, sai ƙananan kamfanoni suka ƙera na'urar da ake sokawa a kansu, ta yi aikin ba tare da liƙi ba.

A ɓangaren Intel ma an yi irin wannan. Celeron ta Slot 1 an hana ta aiki biyu-biyu a madabod ɗaya, amma masu gwaji suka huda allonta da siririn bodila suka liƙa waya, ta yi. Ita kuwa 300A, wajen ƙara mata gudu, ba ta buƙaci dalma ba. Rufe haƙori mai lamba B21 da ɗan salatif yana sa madabod ya ba ta 100 MHz, sai 4.5 ɗin nan ya haifar da 450 MHz.

3.0 Gadojin L1 da fensir

Nan ne batun ya fi armashi. A watan Yunin 2000 AMD ta koma Socket A mai ƙafa 462, da Athlon zubin Thunderbird da kuma Duron. Jikinsu na tangaran ne, kuma a samansa akwai jerin ƙananan gadoji na ƙarfe, kowane rukuni da lambarsa. Rukunin L7 na ƙarfin wuta ne. Rukunin L1, mai gada huɗu, shi ne hanyar da madabod ke bi ya umarci furosesa ta sauya ninki. Kafin kaya su bar masana'anta sai a yanke huɗun nan da leza.

Abin da ake buƙata a nan shi ne a sake haɗa gaɓa huɗu. Wasu sun gwada dalma da siririyar waya, amma tazarar da ke tsakanin gada da gada ba ta kai milimita ɗaya ba, ɗigo ɗaya zai iya haɗe biyu. Sai aka lura cewa gadojin ba wutar aiki suke ɗauka ba, saƙo ne kawai na ko ɗaya ko sifili. Saƙo irin wannan ba ya buƙatar hanya mai kyau sosai. Baƙin fensir, wato garafait, yana ɗaukar wuta duk da turjiyarsa, kuma ya isa. Mutum ya feƙe fensirinsa, ya ja layi huɗu a tsanake, ya sa furosesar a madabod irin Asus A7V ko Abit KT7, sai ga lambar ninki ta buɗe. Muhimmancin wannan ya ƙaru ne saboda madabod masu VIA KT133 ba sa jure ɗaga tushe sosai sama da 100 MHz. Duron mai 600 MHz tana kan ninki 6. Idan ta karɓi 9, ta kai 900 ke nan ba tare da an taɓa PCI ko AGP ba.

Fensir yana da aibi. Garafait yakan goge ko ya kakkaɓe da zafi da daɗewa, kuma idan gada ɗaya ta yanke, kwamfuta na iya tashi da ninkin da ba a nema ba ko ta ƙi tashi. Masu son aiki mai ɗorewa suka koma ga fentin azurfa, irin wanda ake gyara zaren ɗumama gilashin bayan mota da shi.

Da Athlon XP zubin Palomino ta fito a Oktoban 2001, an daina tangaran an koma jiki mai kama da allon madabod. Leza ta riƙa barin rami tsakanin bakin gada biyu, kuma fentin da ya gangara ciki yana iya taɓa shimfiɗar jan ƙarfe ta ƙasa. Turjiyar garafait ma ta yi yawa ga sabon tsarin. Dole sai an cike ramin da sufa gulu, an kankare, an kewaye da salatif, sannan a shafa azurfa. Wasu kuma suka bar jikin furosesa suka koma cusa zaren waya a ramukan soket don haɗa ƙafafu biyu. A ƙarshen 2003 AMD ta fara fitar da furosesocin da ba gada ba waya da ke buɗe su. Masu Athlon XP 2500+ zubin Barton suka koma ga tushe: ninki 11 a kan 166 MHz yana ba da 1833, a kan 200 kuma 2200, wanda shi ne gudun 3200+.

4.0 Daga ina ƙarin gudun yake fitowa?

Misalin Barton ya amsa tambayar. Daga faifan silikon ɗaya ake yanko furosesoci da yawa, a gwada su, a kasa su aji-aji. Idan aikin masana'anta ya nuna, masu kyau sukan fi yawan da kasuwar masu tsada za ta iya shanyewa, sai a buga wa wasunsu ƙaramar lamba a sayar da araha. Mai ƙarfen liƙi wannan rarar yake farauta. Idan ya dace da wadda aka ƙasƙantar don ciniki, ya samu. Idan tasa ta faɗi gwaji ne da gaske, babu dalmar da za ta ɗaga ta.

Ƙarin kuma yana da farashi. Wutar da furosesa ke ci tana tafiya da gudu, tana kuma tafiya da ƙarfin wuta ninkin kansa. A ɗauki Thunderbird da aka ɗaga daga 1000 zuwa 1200 MHz, aka kuma haɗa L7 ta tashi daga bolt 1.75 zuwa 1.85. Gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, zafi kuwa da kusan kashi 34. Thunderbird ba ta da abin da zai kashe ta idan ta yi zafi, kuma silikon ɗinta a buɗe yake, ƙarfen sanyaya na iya ɓantare gefensa wajen ɗaurawa. Akwai kuma lalacewar da ido ba ya gani: James Black na kamfanin Motorola ya nuna tun 1969 cewa yawan wuta da zafi suna tura ƙwayoyin ƙarfe daga mazauninsu a cikin siraran hanyoyi, har hanya ta tsinke. Duk wanda zai yi wannan lissafi a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu ya tuna cewa iskar da fanka ke turawa ta riga ta kai digiri 40.

5.0 Makulli ya shige ciki

Dabarar waje ta ɗan ƙara rayuwa a soket LGA775 na Intel, inda rufe madanni ɗaya a ƙarƙashin Core 2 Quad Q6600 ta 2007 ke ɗaga tushe daga 266 zuwa 333 MHz, gudu ya tashi daga 2.4 zuwa 3.0 GHz. Amma lambar ninki ta riga ta koma ƙananan fis da ake ƙonawa a cikin silikon, inda bakin ƙarfe ba ya kaiwa. AMD ta fito da Black Edition a 2007, Intel ta fito da masu harafin K a 2010, dukkansu buɗaɗɗu daga kamfani. Da zubin Sandy Bridge na Intel ya zo a 2011, an ɗaure bugun tushe na 100 MHz da sauran sassan madabod, ta yadda ɗaga shi da 'yan lambobi ke rikita komai. A ganin mai wannan nazari, nan ne asarar take: hujjar 1998 ta hana damfara ce, amma a 2011 Intel na sayar da Core i5-2500 da i5-2500K masu gudu ɗaya, mai saye ya biya ƙari a kan ta biyun don ya sami izinin taɓa lambar ninki.