Kula da Bututun Hayaƙin Murhun Gas a Ƙasashen Sanyi

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Birtaniya da Amurka, gidaje da dama na ɗumama ɗaki da murhun gas, bututun da ya bi ta rufi kuma shi ke fitar da hayaƙin waje. Gas ba ya tara kunkunniya kamar itace, amma duk da haka bututun na buƙatar dubawa da shara.

Ƙonewar gas na haifar da tururi, wanda kan zama danshi ya riƙa cin bangon bututun sannu a hankali. Sheƙar tsuntsu, ganyaye da ɓaraguzan bulo kuma kan toshe hanyar. Idan ta toshe, iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, sai ta dawo cikin ɗaki. Mai shaƙarta kan ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya, idan ta yi yawa kuwa tana kisa. Baƙin tabo a gefen murhu, ko harshen wuta rawaya inda aka saba ganin shuɗi, alama ce ta matsala.

A Birtaniya, dokar 1998 ta wajabta wa masu gidajen haya su sa a duba na'urorin gas da bututunsu duk shekara. Tun 2009, masu rajista da Gas Safe ne kaɗai aka yarda su yi aikin.

Wannan iska ce kuma ke fita daga janareta da gawayin da ake hurawa a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.