Linzami a Bakin Na'ura: Tarihin Zaburar da Katin Hoto da Kulle Matsin Lantarki



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi diddigin wata jayayya da ta shafe shekaru arba'in ana yin ta tsakanin masu ƙera na'ura mai ƙwaƙwalwa da masu sayenta. Ga asalin jayayyar. Idan mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, sai ya tarar tana da rarar ƙarfi fiye da wanda aka rubuta a jikinta, to wannan rara ta wane ne? Ta mai saye ce, ko kuwa ta maƙerin? Zan ɗauki katin hoto a matsayin misali, wato allon nan da ake sakawa cikin kwamfuta domin ya zana abin da ke bayyana a fuskarta, saboda a kansa ne jayayyar ta fi fitowa fili.

Ma'anar kalmomi

Kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki ne bisa bugun wani agogo, kamar yadda manoman gayya ke bin kiɗan ganga. Ana auna bugun da megahaz, kowane megahaz ɗaya kuwa bugu miliyan ne a daƙiƙa guda. Ƙara saurin bugun nan fiye da yadda kamfani ya tsara shi ne abin da zan kira zaburarwa, aron kalma daga mahaya dawaki.

Amma saurin ba ya samuwa a banza. Domin ƙananan makunnan da ke cikin ƙwaƙwalwar, wato tiransisto, su buɗe su rufe a kan lokaci, sai an ƙara masu matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Wutar da na'urar ke sha tana ƙaruwa ne daidai da sauri, amma ta fuskar matsi sai a ninka shi da kansa. Alal misali, in aka ƙara matsi da kashi 10 cikin 100, wutar za ta ƙaru da kashi 21, in kuma aka haɗa da ƙarin sauri na kashi 10, sai ta kai kimanin kashi 33. Duk wannan wuta zafi take komawa. Zafi da yawan lantarki kuwa suna zaizaye siraran wayoyin da ke cikin ƙwaƙwalwar sannu a hankali, kamar yadda ruwa ke cin gaɓar kogi. Saboda haka wanda ya riƙe matsin lantarki shi ya riƙe linzami.

To, daga ina rarar take fitowa? Ƙwaƙwalen da aka yanko daga faifan silikon guda ba sa zama daidai da juna. Kamfani yakan gwada su ya kasa su daraja-daraja, sa'an nan ya rubuta wa kowace saurin da ya tabbata za ta jure ko a ɗaki mai zafi. Wani lokaci kuma masu kyau sukan yi yawa, alhali kasuwa masu araha take nema, sai a sayar da mai kyau da sunan ƙarama. Daga nan ne rara ke samuwa.

Zamanin farko

Labarin ya faro tun kafin katin hoto ya yi suna. A 1984 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar PC/AT mai gudun megahaz 6. Ba a daɗe ba masu saye suka gano cewa ɗan ƙaramin dutsen da ke ba da bugun agogo ana iya zare shi a sa wani mai sauri, na'urar ta kai megahaz 8. A 1985 IBM ya sake manhajar tushe ta na'urar, wadda ake kira BIOS, ta yadda za ta auna saurin ta ƙi tashi in an taɓa shi. A 1986 kuma sai ga shi ya fito da tasa mai megahaz 8 yana sayarwa. Ina roƙon jama'a su riƙe wannan tsari, gama za mu sake haɗuwa da shi: mai saye ya gano rara, kamfani ya kulle ta, daga baya ya sa mata farashi.

Kada mu yi wa kamfanoni rashin adalci, domin wani kullen yana da hujja. A shekarun 1990 an sami 'yan damfara da ke goge rubutun da ke jikin ƙwaƙwalwar Pentium su buga mata lamba mafi girma, su sayar da tsada. Wannan na cikin dalilan da suka sa Intel ya kulle lambar da ake ninka agogo da ita a 1998. Duk da haka a shekarar ce Celeron 300A mai araha ta yi tashe, saboda in aka ɗaga agogon babban allo daga megahaz 66 zuwa 100, sai ta tashi daga 300 zuwa 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mafi tsada. A 2000 kuwa masu ƙwaƙwalwar Athlon ta kamfanin AMD da fensir suka riƙa buɗe tasu, suna goga bakinsa a kan wasu ƙananan gadoji da aka yanke, lantarki ya bi ta kan zanen.

Katin hoto ya shigo fage

A 1999 kamfanin Nvidia ya fito da GeForce 256 mai gudun megahaz 120, daga nan katin hoto ya zama ƙwaƙwalwa mai zaman kanta. Shekaru goma sha biyun da suka biyo baya su ne zamanin sake. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Alexey Nicolaychuk, ya rubuta manhajar RivaTuner, wadda a kanta aka gina MSI Afterburner a 2009, ta sa ƙara sauri da matsi ya zama jan ɗan maɓalli kawai. A 2003 an gano cewa wasu katunan Radeon 9500 na kamfanin ATI a haƙiƙa 9700 ne da aka rufe wa rabin hanyoyin zane, hudu cikin takwas. A ƙarshen 2010 haka ta sake faruwa ga Radeon HD 6950, wadda ake ɗora wa manhajar tushe ta yayarta 6970, sassan lissafinta su tashi daga 1408 zuwa 1536.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zamani ya auku a watan Maris na 2011. Nvidia ya fito da GTX 590, kati mai ƙwaƙwalwa biyu, wanda sassan da ke daidaita masa lantarki ba su da rara sosai. Wasu masu gwaji, ciki har da na wata mujallar intanet ta ƙasar Suwidin, suka ƙara masa matsi, katin ya yi tartsatsi ya ƙone, hoton bidiyon kuma ya zagaya duniya. Kamfanin ya ji kunya, ya hanzarta toshe hanyar ƙara matsi a kan katin.

Zamanin kulle

A watan Maris na 2012 aka fito da GTX 680, tare da sauye-sauye biyu. Na farko, katin da kansa yake ɗaga saurinsa gwargwadon wutar da ta rage masa, tsarin da aka sa wa suna GPU Boost. Na biyu, an tsayar da matsi a kan bolt 1.175. Ya kamata a sani cewa a lokacin Nvidia ƙwaƙwalwa yake sayar wa wasu kamfanoni irin su EVGA da MSI da Asus, su kuma su haɗa katin. A ƙarƙashin wani shiri mai suna Green Light, dole ne su kai masa tsarinsu ya amince, wanda kuma ya bar mai saye ya wuce iyakar matsi, to garantin ƙwaƙwalwar ya koma wuyansa. Kafin shekarar ta ƙare EVGA ya cire ramin da ake jona na'urar ƙara matsi daga katinsa mafi tsada, alhali don wannan ramin ne mutane da yawa suke sayen sa.

Daga nan linzami sai ƙara tsukewa yake yi. Da katunan GTX 1080 suka fito a 2016, iyakar ta koma bolt 1.093, manhajar tushe kuma aka sa mata hatimi na lissafi, wanda in an canza ko harafi ɗaya katin ba zai karɓa ba. AMD ma ya bi sahu da katunan Vega a 2017, sa'an nan a ƙarshen 2022 ya toshe jadawalin wuta da masu saye suke gyarawa ta cikin Windows. Sau ɗaya dai kukan jama'a ya yi aiki. A watan Fabrairu na 2015 Nvidia ya hana zaburar da katunan kwamfutar tafi-da-gidanka, aka yi masa ca, ya janye.

Masu zaburarwa ba su naɗe hannu ba. Da aka rufe ƙofar manhaja sai suka koma ga ƙarfen walda. Kati yana auna wutar da yake sha ne ta wasu ƙananan sassa masu ɗan tare lantarki. In aka liƙa wani irinsu a kan kowane, sai katin ya ga rabin abin da yake sha, ya ci gaba da zuƙa. 'Yan gasa kuma sukan tsiyaya wa ƙwaƙwalwar ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Sai dai duk wanda ya bi wannan hanya ya yi sallama da garanti, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Wa ke da gaskiya?

Hujjar kamfanoni ta kimiyya tana da ƙarfi. A 1974 Robert Dennard na IBM ya nuna cewa duk lokacin da aka ƙanƙanta tiransisto, ana iya rage masa matsi, zafi bai ƙaru ba. Wannan ƙa'ida ta daina aiki wajen 2005, tun daga nan zafi ya zama babban shinge. GTX 680 wat 195 take sha, RTX 4090 ta 2022 wat 450, RTX 5090 ta 2025 kuwa wat 575. Bugu da ƙari, a 2019 masu bincike na jami'o'in Ingila da Beljiyam da Ostiriya sun nuna cewa ta hanyar rage matsi ana iya sa ƙwaƙwalwar Intel ta yi kuskure ta tona asirin da take ɓoyewa, abin da ya sa aka kulle ragewar ma a na'urori da dama.

Amma akwai abubuwa biyu da ke rage wa hujjar ƙarfi. Na farko, Intel da kansa ya fara sayar da ƙwaƙwalen da ba a kulle ba masu alamar K a 2010, a kan ƙarin kuɗi. Ashe mabuɗin yana nan, farashi aka sa masa. Na biyu, a 2024 Intel ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda matsin da manhajarsa ta cikin gida ke nema ya yi yawa, har ya ƙara garantin shekara biyu. Wato maƙerin da ya hana mai doki sukuwa, shi ne ya sukwane dokin tun kafin ya kai shi kasuwa. A ganina wannan shi ne ainihin abin da tarihin ke nunawa: rarar da mai saye yake tsinta a da, kamfani ya koyi girbe ta tun a masana'anta, abin da ya rage kuma ya sa masa kwaɗo.

Kammalawa

Sakamakon haka, dabarar da ta fi amfani a wannan zamani ta juye. Maimakon ƙara matsi, masana suna rage shi kaɗan, katin ya yi sanyi, tun da kuwa da kansa yake sassauta gudu in ya ji zafi, sai ya daɗe a kan saurinsa da wuta kaɗan. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da zafin bazara ke haura digiri 40 a garuruwanmu, wutar kuma sau da yawa daga janareta ko hasken rana take zuwa.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke sayo wa ofisoshi kayan aiki, tambayar ta wuce katin hoto. Duk na'urar da za a saya, a bincika abin da aka kulle a cikinta, da wanda ke riƙe da mabuɗin, da abin da zai faru ranar da kamfanin ya daina kula da ita. Ga ɗalibai kuwa, ku lura cewa da yawa daga cikin waɗanda suka gano waɗannan asirai ba ma'aikatan kamfani ba ne, mutane ne masu haƙurin gwaji da rubuta abin da suka gani, wasu ma da fensir suka fara.