Daga Dodon Koɗi Zuwa Furen Ɗorawa

Mu da muka yi ilimin halittu a Sakkwato, gadonmu na farko sunaye ne. Likitan Turawa J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916, ya ƙara da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani a 1937. Har yau ɗalibi in ya tsinko ganye, can yake komawa.

Da aka kafa jami'ar Sakkwato a 1975, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, cuta ce ta ja ɗalibai bakin ruwa. Tsargiya na cin yaran da ke wanka a tafki, sai firojet ɗin shekarar ƙarshe ya zama na kwasar dodon koɗi da awon fitsari. Aikin ya yi amfani ƙwarai. Amma ya koya mana kallon gulbi a matsayin gidan cuta kawai, muka riƙa zubar da tsutsar mazari da ta faɗo a raga, alhali irin waɗannan ƙwari ne ke nuna lafiyar ruwa.

Masu zuwa dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, inda Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta kafa tashar bincike, wata tambayar suke dawowa da ita: wa ke ziyartar wane fure? Ɗalibi ya zauna gaban itace guda da agogo da littafi, yana rubuta duk abin da ya sauka.

Tambuwal da Kebbe ba su da dajin tsauni, amma tambayar ta fi dacewa da su. Ɗorawa na fure da rani, wajen Fabrairu da Maris. Da magariba jan tuntun furenta ke fara ɗigar da ruwan zaƙi, jemagu su yi ta kai-komo, da asuba ƙudan zuma su kwashe saura. Daddawar kasuwa daga wannan daren take. Kuka ma jemage ne ke yi mata barbara, kabewa da kankanar fadama kuwa sai da ƙudan zuma.

Abin da ke ci mini rai shi ne jadawalinmu. Ɗalibi kan fita da hantsi ya koma kafin la'asar, ga kuɗin mota daga aljihunsa, ga fargabar hanya. Mai ɗaura amya a Dogon Daji ya san watan da kowane itace ke fure, ya ga abin da feshin maganin ƙwari ke yi wa zumarsa. Shi ya kamata mu fara haɗa ɗalibanmu da shi, su kwana a garin.