Daga Zauren Gado zuwa Makarantar Unguwa: Matsayin Iyaye a Koyon Kiɗan Yara a Zawaciki

A ƙasar Hausa ta dauri ba a tambayar matsayin iyaye a koyon kiɗa, domin uba shi ne malamin, gida kuma shi ne makarantar. Yaron da aka haifa a gidan makaɗa yana buɗe ido ya tarar da kalangu ko kotso a rataye a zaure. Zai fara da ɗaukar kaya in za a tafi gayya ko biki, ya shiga sahun 'yan amshi, a ba shi ƙaramar ganga irin kazagi ko kuntuku, sai hannunsa ya faɗa sannan a miƙa masa babba. Haka Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya tashi: ya bi mahaifinsa Usman Ɗankwanda kiɗan noma tun yana ƙarami, ya yi shekaru a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. David Ames da Anthony King, a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a rubuce-rubucensa kan makaɗa da mawaƙa, duk sun nuna yadda gado ya kasance babbar ƙofar shiga wannan sana'a.

Wannan maƙala tana da'awar abu guda. A wuri irin Zawaciki wancan zaure ya rushe, kuma duk makarantar kiɗa da al'umma za ta kafa a gurbinsa ba za ta tsayu ba sai ta mayar wa iyaye wani kaso na aikin da suke yi a da, ko da kuwa ba su taɓa riƙe makaɗi ba.

Zawaciki tana cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, maƙwabciyar Panshekara da rukunin masana'antun Challawa, kuma a nan aka buɗe tashar kan tudu ta Dala a watan Janairun 2023. Magidanta da yawa a wannan yanki abincinsu yana kamfanonin jima da na robobi da na kayan masarufi a Challawa da Sharada, wasu har Bompai. Kiɗan Hausa kuwa a jikin sana'a ya rayu: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, mafarauta da garaya, sarakuna da tambari da algaita da kakaki, wanda tarihin Kano ya jingina shigowarsa ga zamanin Muhammadu Rumfa. Ma'aikacin kamfani ba shi da makaɗinsa, ba ya kuma gadar wa ɗansa injin da yake tsaye a kai. Idan ya fita aikin safe yara ba su farka ba, idan na dare ne ya dawo barci yake nema. Amma sha'awar kiɗa ba ta bar zukatan yara ba. Tun shekarun 1990, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bayyana a nazarinsa na waƙoƙin finafinan Hausa, fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan haɗa sauti na Kano. Can yaro mai sha'awa yake zuwa a yau, ya raɓe, ya yi aike, ya koya da ido, sau da yawa ba da sanin gida ba. A ganina babbar illar tana cikin wannan ɓuya, fiye da yadda take cikin kiɗan kansa.

Dalilin ƙin iyaye ba jahilci ba ne, kuma bai kamata manazarci ya raina shi ba. Tushensa biyu ne. Na farko matsayin maroƙi a tsarin zaman Hausawa, wanda M. G. Smith ya yi bayaninsa a 1957 daga bincikensa a ƙasar Zazzau: ana jin daɗin makaɗi, ana yi masa kyauta, amma ana ajiye shi a ƙasan tsani, har aure ma akan yi masa iyaka. Mamman Shata, wanda bai gaji kiɗa ba, ya sha fama da mahaifinsa a Musawa a kan wannan dalili, domin uban yana ganin waƙa roƙo ce, roƙo kuwa bai dace da gidansa ba. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, sai dai ba a gina tsarin ilimi a kan mutum ɗaya da Allah ya yi wa baiwa ta daban. Yara nawa ne suka bijire wa gida irin haka, ba su zama Shata ba, suka kuma rasa gidan? Tushe na biyu addini ne. Littafin Veit Erlmann na 1986 ya tattaro abin da malaman jihadi suka rubuta game da kiɗa, ya nuna cewa sun bambance tsakanin kayan kiɗa, da kuma tsakanin muhallin da ake amfani da su. Saɓanin yana nan har yau: ga bandirin Ƙadiriyya a Maukibi, ga 'yan Islamiyya da mandiri ranar Takutaha, ga kuma malaman da suka ƙi duka. Uban da ya bi fatawar hani yana da haƙƙinsa cikakke, kuma makarantar da ta karɓi ɗansa ta bayan gida ta ci amana.

Saura iyayen da suka yarda, ko suke kan tunani. Su ne sukan ce, "Mu da ba mu iya ba, me za mu tsinana masa?" A nan binciken waje yana da amfani. A 1996 Jane Davidson da Michael Howe da Derek Moore da John Sloboda suka wallafa nazarin da suka yi wa yara 257 masu koyon kayan kiɗa a Ingila. Suka gano cewa waɗanda suka fi nisa su ne waɗanda iyayensu suka fi shiga harkar darasi da bita a shekarun farko, kuma galibin iyayen nan masu sauraro ne, ba ƙwararrun makaɗa ba. A Japan, Shinichi Suzuki ya gina tsarinsa na koyar da kiɗa a Matsumoto a kan haka: uwa ko uba ya zauna a darasi, ya ji abin da malami ya ce, ya koma gida ya kula da bitar kullum. Ba a ɗauko wannan tsari ɗungurungum a dasa a Kumbotso ba, amma cibiyarsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don ita ce abin da zauren gado yake bayarwa: kunnen babba a kusa da hannun yaro.

A Zawaciki wannan kunne yawanci na uwa ne, kuma an daɗe ana mantawa da ita a wannan zance. Ita ce ta fara saka wa yaro ma'aunin kiɗa a jiki da waƙar reno da luguden daka. Mata suna da shantu da kiɗan ƙwarya, kuma daga cikin gidajen Funtuwa Barmani Choge ta fito da amada har duniya ta san ta. Uwar da ta san daɗin lugude tana gane hannun da ya kauce ko ba ta san sunan kuskuren ba. Ita ce kuma mai rabon lokaci tsakanin boko da Islamiyya da aike, ita za ta nemi alfarmar maƙwabta a gidan haya don yaro ya samu rabin sa'a ya taɓa gurmi ko kukuma kafin magariba. Aikin uba daban ne, ya fi gajarta amma ya fi nauyi. Ya je da ƙafarsa ya ga malamin, ya san gidan da ya fito, ya ji irin kalmomin da za a ɗora a kan kiɗan, ya kuma faɗa a majalisarsa ba tare da sunkuyar da kai ba cewa ɗansa yana koyon kalangu. Ɗan Maraya Jos ya rasa iyayensa yana ƙarami, amma Sarkin Bukuru ya riƙe shi, wato ko maraya bai kai ga kuntiginsa ba sai da wani babba ya tsaya masa.

Akwai haɗari ta ɗaya ɓangaren, ba zan ɓoye shi ba. Inda albashi ba ya kai ƙarshen wata, yaron da hannunsa ya fara faɗawa zai iya zama hanyar samu, a tura shi gidajen biki neman liƙi tun bai ƙware ba. Wannan shi ne roƙon da ake gudu ya dawo ta taga, kuma iyaye kaɗai ke iya tare shi.

Misali na kusa na makarantar kiɗa yana Yamai, inda aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a 1989, aka tara kayan kiɗan gargajiya, aka fitar da koyo daga gidan gado zuwa aji da kowa zai iya shiga. Malam Maman Barka, wanda ya yi aiki a can, shi ne ya je gaɓar Tafkin Cadi ya koyo kiɗan biram kafin ya ɓace. Kano tana da makaɗan da za su koyar, tana da Hukumar Tarihi da Al'adu da za ta iya jagoranci. Ga wannan hukuma da ƙungiyoyin ci gaban unguwa a Zawaciki da Panshekara nake miƙa wannan roƙo: kada a rubuta sunan yaro sai uwa ko uba ya zo da kansa, a sa darasi a ranakun Alhamis da Juma'a da makarantun allo ke hutu, a ware wa iyaye mata wurin zama a ajin, a kuma ba iyaye kujeru a kwamitin da ke zaɓen malamai.