Tsakanin Jibiya da Maraɗi

Har yau basaraken Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Dalili kuwa, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa musu gadon sarauta a Maraɗi. Daga nan suka yi ta kai wa tsohuwar ƙasarsu hari shekara da shekaru, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore.

Turawa ne suka mai da wannan gaba ta zama iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, suka yi ta ƙorafi har aka sake shata layin a 1904 da 1906. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Jibiya ta zauna wajen Ingila.

Ciniki bai bi layin ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi ta kama hanyar kudu, don ta Legas ne teku ya fi kusa. Da kuɗin gyaɗa aka yi alhazan Maraɗi na farko. Bayan fari na shekarun 1970 ya karya gyaɗa, sai suka juya ga wata sana'ar: a sauke taba da atamfa a tashar Kwatano, a hauro da su Maraɗi, a tsallaka da su Najeriya inda aka hana shigo da su. Shanu da wake su gangara kudu, man fetur mai araha da takin zamani su haura arewa. 'Yan canji kuwa na zaune da naira da sefa, suna ci daga kowane ɓangare.

Gwamnatoci sun sha gwada rufe ƙofa. Janar Buhari ya rufe iyaka a 1984, shekarar da damina ta ƙi, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar sunansa. Ya sake rufewa a 2019 don hana shigo da shinkafa. Shinkafar ba ta daina shigowa ba: ta sauka daga tirela ta hau babura, ta bi ta daji ta kauce wa shingen Magama da na Ɗan Isa, talakan Jibiya ya biya kuɗin kewayen a farashin kowace tiya.

Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an kuma rufewa na wasu watanni, alhali ana cikin shimfiɗa layin dogo daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi.