Daga Doka 13 Zuwa 34, Sannan 24: Shin Golf Ya Yi Sauƙi?

A shekarar 1744 wasu masu hannu da shuni a Leith, kusa da Edinburgh a ƙasar Sikotilan, suka rubuta dokokin golf na farko da tarihi ya adana. Guda 13 ne. Ɗaya daga ciki cewa ta yi idan mutum ko doki ko kare ya tare ƙwallonka, to ka buga ta daga inda ta tsaya. Fili ɗaya aka rubuta wa dokokin, kuma 'yan wasan duk sun san juna.

Da wasan ya bazu, kowane kulob ya riƙa tsara nasa. Sai a 1899 kulob ɗin R&A na St Andrews ya fitar da kundi na bai-ɗaya, kuma sai a 1952 shi da hukumar USGA ta Amurka suka soma aiki da kundi guda. Daga 1984 dokoki suka tsaya a 34, amma a gefensu akwai wani littafin hukunce-hukunce da ya kumbura har ya haura 1,200.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo. Manhaja takan fara da 'yan layuka, kowace matsala ta taso a yi mata faci, har ranar da ba mai iya taɓa wani gefe ba tare da wani ya rushe ba.

Abin ya fito fili a 2017. A golf mai ƙarancin bugu ne ke nasara, don haka tara ita ce a ƙara maka bugu. Lexi Thompson tana kan gaba a gasar ANA Inspiration, sai wani mai kallon talabijin ya aiko da imel cewa jiya ta mayar da ƙwallonta ɗan nesa da inda ta ɗauke ta. Ana tsaka da wasa aka ƙara mata bugu huɗu: biyu na kuskuren, biyu na sa hannu a takardar maki mara daidai. Ta rasa kofin a zagayen raba gardama.

Ranar 1 ga Janairu, 2019 sabon kundi ya fara aiki, dokoki suka koma 24. Neman ƙwallon da ta ɓata ya sauko daga minti biyar zuwa uku. Ana iya barin sandar tuta a cikin rami. Wanda zai saki ƙwallo bayan ta faɗa wurin da ba ta buguwa, daga tsayin gwiwa zai sake ta maimakon kafaɗa.

A ganinmu sauƙin gaskiya yana wuri ɗaya: an rage hukunta mutum kan abin da bai yi da gangan ba, kamar motsa ƙwallo bisa kuskure a lallausar ciyawar bakin rami. Wannan ya cancanci yabo. Amma adadin 24 akwai yaudara a cikinsa. An cusa tsofaffin dokoki ƙarƙashin sabbi, hukunce-hukuncen nan kuma da yawansu sun koma cikin dokokin ko cikin littafin jagora mai ɗaruruwan shafuka. Kaya ne aka sauya wa ɗaki.

Sabbin kura-kurai ma ba su jira ba. A watan farko aka ci Haotong Li tarar bugu biyu a Dubai saboda mai ɗaukar masa jaka ya tsaya a bayansa yana shirin bugu, kuma cikin makonni hukumomin biyu suka fitar da ƙarin bayani kan dokar. A Fabrairu aka ci Rickie Fowler tara a Meziko, don hannunsa ya saba da sakin ƙwallo daga kafaɗa. A 2023 aka shigar da doka ta 25, wadda ta shafi 'yan wasa masu buƙata ta musamman.